Gyaran tsohon kwalbati da yaɓen kankare: abin da muka tarar a bayan ƙarfen

Lotsawar kwalta ce ta kai mu wurin. A kan wani titi mai yawan manyan motoci, daidai inda ya tsallake wani kwari a bisa cikon ƙasa, akwai wuri guda da ya ƙi daina lotsawa. Sau uku masu facin titi suna cike shi su danne da injin, sau uku yana komawa gidan jiya, kuma kowane karo ya fi na baya saurin dawowa. A karo na huɗu shugaban masu facin ya ƙi zuba komai. Ya ce kwalta ba ta nitsewa haka kawai, lallai akwai inda ƙasar take tafiya, a nemo wurin tukuna. Har yau ina ganin ƙin da mutumin nan ya yi shi ne shawara mafi amfani da aka yanke a duk aikin.

A ƙarƙashin wurin akwai kwalbati na bututun ƙarfe mai tudu da kwari irin na kwanon rufi, sai dai ya fi kwano kauri nesa ba kusa ba. Faɗinsa milimita 1,500, tsawonsa mita 48, ƙasar da ke kansa zuwa kwalta mita 6. Tsohon zanen aikin ya nuna ya haura shekara 40 a binne. Duk ruwan saman da magudanun da ke tudu suke tarowa, ta cikinsa yake bi ya faɗa rafi.

Irin wannan bututu ya daɗe a duniya. A 1896 aka yi rajistar ƙirƙirarsa a Amurka da sunan James Watson na jihar Indiyana, ya kuma bazu ne saboda ba shi da nauyi, yana da sauƙin ɗauka, ana harhaɗa shi a bakin aiki. An binne shi da yawan gaske a shekarun da ƙasashe suka duƙufa shimfiɗa manyan tituna, shi ya sa yanzu suke tsufa kusan a lokaci guda.

Abin da tocila ta nuna

Kafin kowa ya sa ƙafa muka zura na'urar gwada iska. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 20.9 cikin ɗari, in ta sauka ƙasa da 19.5 ba a shiga. Laka da ruɓaɓɓen ganye kuma suna fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa takan dushe jin warin kafin ta kayar da mutum. Muka ajiye mutum guda a baki, aikinsa magana da na ciki da kallon sama, don ruwan da aka yi can nesa yana iya cika bututu alhali a inda kake ko yayyafi babu.

Masu wannan sana'a suna kwatanta cikin bututu da fuskar agogo: rufi shi ne sha biyu, gindi shi ne shida. Daga takwas, ka zagaya ta sama zuwa huɗu, ƙarfen lafiya lau, tutiyar da aka lulluɓe shi da ita har tana ɗaukar hasken tocila. Daga biyar zuwa bakwai kuwa ya zama rariya. A wasu wuraren ma gindin ya tafi gaba ɗaya, ruwa na gudu a kan ƙasa zalla, gefen ƙarfen ya nannaɗe kamar busasshen ganye.

Ba abin mamaki ba ne gindi ya riga ko'ina mutuwa. Tutiyar da ake lulluɓe irin wannan ƙarfe da ita giram 610 ce a kowace murabba'in mita idan aka haɗa fuskokin biyu, wato a kowace fuska kaurinta bai kai kashi 1 cikin 20 na milimita ba. Yashi da tsakuwar da ruwa ke ja suna goge ta kamar sanfefa, damina bayan damina. Da ta ƙare sai tsatsa ta kama ƙarfen. Ita ma tsatsar da za ta ɗan rufe wurin ta rage saurin ci, yashin ba ya barin ta, yana kankare ta yana buɗe sabon ƙarfe. Rufi kuwa ruwa ba ya taɓa shi sai 'yan kwanaki a shekara.

Wani dattijo da ke shugabantar leburorin, wanda ya fi ni daɗewa a cikin bututu da shekaru masu yawa, bai tsaya kallon tsatsa ba. Rodi ya ɗauko mai tsawon mita ɗaya da rabi, yana zura shi ta hudojin da ke gefe. A mafi yawan wurare rodin yakan ci karo da ƙasa nan da nan. Da muka kai tsakiya, daidai ƙarƙashin inda kwalta ke lotsawa, ya zura shi ya shige har hannu bai taɓa komai ba. Ya juyo ya ce, "Injiniya, ga kwaltarku nan inda take zuwa."

Muka auna tsayi da faɗi a kowace mita biyu. Kusan ko'ina bututun ya danne da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na faɗinsa. A wani tsaki mai tsawon mita 5 a tsakiya, tsayin ya sauka zuwa milimita 1,410, wato kashi 6 cikin ɗari, ya wuce iyakar kashi 5 da aka saba aiki da ita. Abin da ya kwantar mana da hankali shi ne rufin yana nan da lanƙwasarsa, bai baje ba, bai kuma fara lotsowa ciki ba. Muka sa alamomi da fenti, muka riƙa sake awo na mako biyu. Bai motsa ba.

Wa ke ɗauke da titin?

A nan nake so in daɗe, domin wanda bai fahimci wannan ba zai gyara abin da ido ke gani ya bar abin da ke kayar da titi.

Ƙarfen bututun bai kai milimita 3 ba. Ƙasar da ke kansa kuwa, idan kowace kubik mita ta kai kusan tan 1.9, to mita 6 na danna kowace murabba'in mita da fiye da tan 11, ban da nauyin motoci. Falle mai kaurin milimita 3 ba zai ɗauki wannan shi kaɗai ba. Ka ajiye bututun a fili ka ɗora masa rabin wannan, ya baje. Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa shi ne nauyi na danna rufi, gefuna na son buɗewa, ƙasar da aka danne a gefen tana tokare su ta hana. Sai nauyin ya bi zagayen ƙarfen yana matse shi kamar zobe. A namu, kowane gefe na ɗauke da kimanin tan 8 da rabi a kowace mita ta tsawo. Anson Marston na jami'ar jihar Ayowa ne ya fara tsara lissafin nauyin ƙasa a kan bututu a 1913, ɗalibinsa Merlin Spangler kuma ya fitar da na lotsawar bututu mai lanƙwasuwa a 1941. A lissafin Spangler, ƙarfin ƙasar gefe ya fi ƙarfin ƙarfen tasiri da nisa.

Ashe kwalbatin abu biyu ne, ƙarfe da ƙasa, kuma a namu duka biyun sun samu rauni. Gindi ya ɓalle, zoben ya katse. Ruwa kuma na fita ta hudoji lokacin da bututu ya cika, ya jiƙa ƙasar baya, in ruwa ya janye ya dawo ciki ɗauke da lallausar ƙasa. Kowane ruwan sama yana tafiya da 'yan shebur. Kogon da ya bari ba ya zama wuri guda, rufinsa na zubowa, shi kuma yana hawa sama sannu a hankali har ya iso ƙarƙashin kwalta. Kwalta takan ɗan riƙe kamar gada, ta lotsa, sannan wata rana ta rufta da abin da ke kanta. Duk kwaltar da aka zuba sau uku a wurin nan ƙarin nauyi aka yi wa rufin kogo.

Zaɓin da muke da shi

Tono da sauyawa shi ne gyara mafi tsafta, kuma ban taɓa raina shi ba. Da rufin ya baje, ko da bututun ya yi wa ruwan kaɗan tun asali, da tono zan ce a yi ko da wa zai ji haushi. Amma rami mai zurfin mita 8, in ana so gefensa kada ya rufta kan ma'aikata, bakinsa zai kai wajen mita 27. A cikin cikon akwai babban bututun ruwan sha da wayoyin sadarwa. Titin zai kasance a rufe makonni da dama.

Zura sabon bututun roba a cikin tsohon mun auna shi, sai dai inda ya danne da nannaɗewar gindi sun sa wanda zai wuce lafiya bai fi milimita 1,200 ba, wato kashi 64 cikin ɗari na ƙofar da ake da ita. Akwai kuma dabarar da Eric Wood ya fara aiki da ita a Landan a 1971, ta zura doguwar safa jiƙe da ƙaro a hura ta ta manne da bango ta daskare. Dabara ce mai kyau, amma ita ma sai an gyara mata gindi kafin a zura ta, ga kuma sinadarin da wasu irin ƙaron ke saki, alhali bakin kwalbatinmu rafi mai kifi yake zubawa.

Sai yaɓen kankare. Shi ma ba baƙo ba ne. Tun 1907 Carl Akeley, mai cusa fatun dabbobi a gidan tarihi na Shikago, ya ƙera injin fesa kwaɓi da iska. Bututun ruwan sha mai yaɓen siminti a ciki kuwa an shimfiɗa shi a birnin Charleston na Amurka tun 1922. Abin da ake yi yanzu a kwalbati shi ne a ɗora wani kai mai juyawa da sauri a kan ƙaramin keke, a turo masa kwaɓi ta mesa, a riƙa jan sa da igiyar ƙarfe a hankali yana watsa kwaɓin a bango ta kowane gefe. In an gama, sabon bututu ne na kankare, guda ɗaya ba mahaɗa, a cikin tsohon.

Tambayar farko da masu titin suka yi ita ce ko rage faɗi ba zai rage ruwan da ke wucewa ba. Lissafin da Robert Manning, injiniya a Ailan, ya gabatar a 1889 shi ke amsa wannan. Yaɓe mai kaurin milimita 40 a saman tudun ƙarfen zai mayar da faɗi 1,420. Wannan kaɗai zai rage ruwa da kusan kashi 14 cikin ɗari. Amma lambar kaushin ƙarfe mai tudu da kwari 0.024 ce, ta kankare mai laushin fuska kuwa tana wajen 0.013, kuma a lissafin, iya ƙanƙantar lambar iya yawan ruwan da ke wucewa. Muka ɗauki 0.015 don kada mu yaudari kanmu, tunda feshi bai kai zubi santsi ba. Da aka haɗa biyun, cikin bututun zai iya ɗaukar ruwa fiye da na da da kusan kashi 38 cikin ɗari.

Wannan adadi yana da daɗin faɗa, shi ya sa masu tallar yaɓe suke tsayawa a kansa. Ni ban yarda a tsaya nan ba. Wani kwalbatin cikinsa ne ke takura ruwa, wani kuwa bakinsa. In baki ne, to ko madubi ka mayar da cikin ba abin da zai ƙaru, hasali ma ka rage ƙofar da kashi 10 cikin ɗari. Namu dogo ne, mai kaushi, gangarensa kaɗan, don haka a da cikin ne ke takurawa. Da zarar ya yi santsi sai takurar ta koma baki, kuma bakin nasa siririn ƙarfe ne da ya zaro daga cikon ƙasa, irin bakin da ya fi kowanne ɓata ƙarfin ruwa. A littattafan ƙira lambar asararsa 0.9 ce, ta baki mai bango da gefe a fiƙe kuwa 0.2. Saboda haka muka sa gina bangon baki da fiƙe gefensa a cikin aikin.

Kauri kuma mun yi gardama a kansa. Injiniyoyi ba su zama baki ɗaya ba kan yawan nauyin da ya kamata a ɗora wa yaɓe da wanda za a bar wa tsohon ƙarfe. Matsayina shi ne a ƙaddara ƙarfen zai ci gaba da ruɓewa daga baya, inda ba mai ganinsa, har wata rana ya zama babu. Siminti yana da kaifi irin na kanwa sosai, wato kishiyar tsami, lambarsa a ma'aunin wannan kaifi tana haura 12, wannan yana kare fuskar ƙarfen da ke manne da shi. Ɗaya fuskar kuwa tana cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Don haka yaɓen ya zama mai iya tsayuwa da kansa. Muka tsaya kan milimita 40 a ko'ina, 65 tare da ragar ƙarfe a tsakin nan na tsakiya, saboda zoben da ya koma siffar ƙwai ba matsi kaɗai yake sha ba, har da lanƙwasa, kuma kankare ba ya jure ja.

Aikin da ba a gani

Muka tare ruwa da buhunan yashi a sama, aka sa injin yana zuƙe shi ta mesa zuwa ɗaya ɓarin. Aka kwashe laka da baro, aka wanke bango da ruwa mai ƙarfi har sai da duk tsatsar da ke ɓamɓaruwa da ragowar baƙin shafe suka fita. Aka yanke ƙarfen gindi da ya nannaɗe. Aka cike ramukan ƙarƙashinsa da kankare mai ruwa-ruwa, sannan aka shimfiɗa ragar ƙarfe daga huɗu zuwa takwas, aka ɗaure ta da noti a jikin ƙarfen da ke da rai, aka zuba sabon gindi. Walda mun guje ta, domin hayaƙin tutiya a wuri rufaffe yana sa ma'aikata zazzaɓi. Da gindin ya kama, zoben ya sake haɗuwa.

Daga nan sai kogon. Dattijon nan ya bi bango da guduma taku bayan taku. Inda ƙasa ke bayan ƙarfe sautin gajere ne, inda babu sai ya yi amo kamar ganga. Duk inda ya yi amo ya zagaye shi da alli. Muka huda ƙarfen a jere, muka fara ɗura ruwan siminti daga hudojin ƙasa, in ya ɓullo ta na sama a toshe na ƙasa a hau. Matsin kaɗan-kaɗan, da mutum tsaye da tef yana auna tsayi, domin ruwan siminti in an matsa masa yana iya turo bangon da ake son ceta ya lotsa ciki. Ɓangaren kogon da ya hau sama aka huda ta kan titi, layi guda a rufe, aka cike shi daga can.

Mun yi ƙiyasin kubik mita 3. Ya sha 14. Duk yaɓen bututun daga baki zuwa baki bai wuce kubik mita 11 ba. Ke nan ƙasar da ruwa ya sace ta fi sabon bututun da muka gina yawa, kuma da mun fesa kai tsaye, da babu wanda zai sake samun hanyar sanin haka, tunda yaɓe yana rufe hudojin da ake zura rodi, yana kuma kashe amon da guduma ke ji. Kitso da ƙwarƙwata za a yi, bututu fes a ciki, titi na jiran ranarsa.

Wannan ɗuri ya ci kwana tara maimakon biyu, kuma a nan ne na yi kuskuren da ya fi damuna. Injin feshin na haya ne, yana ajiye ana ƙirga masa kwanaki. A wata mahaɗa kusa da bakin fita ruwa na tsattsafowa daga ƙasa. Ba gudu yake ba, naso ne da ke taruwa ya zama ɗigo. Ɗan kwangilar ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai damshi ne, kwaɓin zai shanye shi." Dattijon ya ce, "Injiniya, goge shi da tsumma ka ƙirga goma." Na goge, kafin goma ya dawo. Na ce, "Baba, na gani, amma bari mu gwada, in ya ƙi ma gyara." Bai ƙara magana ba. Na san abin da ya dace, gajiya da matsin lokaci suka rinjaye ni.

Bayan kwana uku wani farin zane ya bayyana a wurin, alamar ruwa na bi ta cikin sabon kankaren yana wanko farar ƙasar da ke cikin siminti. Guduma ta ba da amo a fili mai faɗin tabarma. Ruwan ya wanke simintin da ke tsakanin yaɓe da ƙarfe tun kafin ya kama. Muka fasa wurin da hannu, muka huda, muka ɗura wani sinadari da ke kumbura ya zama kumfa in ya haɗu da ruwa, muka toshe da siminti mai kamawa cikin 'yan mintuna, muka bar shi kwana guda a bushe, sannan aka sake yaɓe. Abin da za a yi a rabin yini ya ci kwana huɗu, ya kuma bar faci a bututun da aka so ya zama guda. Damshi da ruwa mai motsi ba ɗaya ba ne. Kankare yana son bango mai damshi, busasshe ma tsotse masa ruwa yake yi. Ruwan da ke turowa daga baya shi ne ba ya jurewa ko kaɗan.

Feshin

Shi kansa feshin bai ba mu wahala ba. Kwaɓin na buhu ne da aka haɗa tun daga masana'anta: siminti, lallausan yashi, ƙananan zaruruwa masu hana tsagewa, da wani gari mai laushin gaske da ke toshe ƙofofin kankare. Namu ƙara ruwa kawai, da awo, ba da ido ba. Na tsaya a bakin injin kwaɓi da kaina, domin duk lokacin da mesa ta fara nauyi, hannun mai kwaɓi yakan tafi wajen ƙarin ruwa, kuma kowane ƙari yana rage ƙarfin kankaren.

Zagaye na farko ya cike kwarin ƙarfen, mai zurfin milimita 13. Sauran suka hau a kai, kowanne bai fi milimita 12 zuwa 13 ba, don in aka yi kauri a tashi guda na rufi yakan zubo. Kafin a fara mun dasa ƙusoshi a tudun ƙarfen masu tsayin milimita 40, duk wanda kansa ke leƙowa, wurin bai cika ba. Tsakin tsakiya da hannu aka fesa shi, domin kai mai juyawa yana watsa kwaɓi daidai ne in yana tsakiyar da'ira, kuma yana barin rami a bayan sandunan raga inda feshi bai isa ba. Mai riƙe bakin mesa yakan karkata hannu ya cusa kwaɓin bayan kowane sanda.

Da aka gama muka toshe bakuna biyu da tamfol. Mutane suna ɗauka cikin kwalbati damshi ne da shi don haka ba ya buƙatar kulawa, alhali bututu mai buɗe ta gefe biyu iska ke ratsa shi dare da rana, kuma siririn yaɓe in ya bushe da wuri sai ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Kwana bakwai muna yayyafa masa ruwa. Ruwan wankin injin da mesa kuma a rami mai shimfiɗar leda muka tara shi, ko ɗigo bai shiga rafi ba, saboda ruwan siminti yana ƙona kifi. Samfuran da muka zuba a kowace ranar feshi aka matse su a ɗakin gwaji a kwana 7 da kwana 28, duk suka kai ƙarfin da aka nema. Muka kuma huda wuri huɗu muka ciro ɓargon yaɓen don ganin kauri da ido. Mafi siranta a ciki milimita 42 ne.

Bayan ruwa ya sauka

Ruwa mai ƙarfi na farko ya wuce ba tare da ya taru a baki kamar yadda ya saba ba. Washegari na sauka bakin fita, na tarar da rami ya kai ƙugu, duwatsun da muka jera sun watse cikin rafi. Tsohon ƙarfen mai kaushi yana rage wa ruwa gudu, sabon kuwa sakin sa yake yi da ƙarfinsa. Na lissafa yawan ruwan da kyau, amma shimfiɗar duwatsun da na tsara ta yi gajarta, duwatsun kuma sun yi ƙanana. Irin wannan rami baya yake ci, in aka bar shi sai ya rarake ƙarƙashin bakin bututu, kuma kankare ba ya lanƙwasawa kamar ƙarfe, karyewa yake yi. A cikin makon muka gina katanga mai nitsewa ƙasa a ƙarƙashin bakin, muka shimfiɗa yadi mai tace ƙasa, muka jera manyan duwatsu a kai, tsawon ya ninka na farko.

Mun koma ciki a ƙarshen wannan daminar da ta bayanta. Akwai siraran tsaga guda uku masu zagaye bututun, kaurinsu bai fi na gashi ba, irin waɗanda ƙanƙancewar kankare ke kawowa, biyu ma sun toshe kansu da farar ƙasa. Wadda nake nema da tocila ita ce mai bin tsawo a rufi ko a gefe, don ita ce ke nuna nauyi ya fara rinjaye. Babu ita. Tsayin tsakin tsakiya yana inda muka bar shi. Facin da ke kusa da bakin fita a bushe yake, guduma na ba da gajeren sauti a kansa. A gindi, yashi ya fara goge fuskar kankaren har ƙwayoyin yashin cikinsa sun fito, don haka muka rubuta wa masu titin su gina ramin tare yashi a sama, su riƙa kwashe shi kafin ruwa ya sauka, su kuma auna ƙusoshi shida na ƙarfe da muka dasa daidai da fuskar gindin, don sanin milimita nawa ke tafiya a shekara. A kan kwalta kuma an kafa alamar awo a inda ake faci a da. Awo huɗu aka yi zuwa yanzu, bambancin da ke tsakaninsu bai wuce milimita 2 ba.